Kunyoyin da Na Nome Kafin Ranar Gayya

A shekarar da ɓarin jikin Baba ya shanye, Baffa ne ya nome mana gona. Ba ƙanin Baba ba ne, ba mu haɗa jini ba ko kaɗan. Maƙwabcinmu ne a gida, maƙwabcinmu a gona, kuma tun da na buɗi ido na ji ana ce masa Baffa a gidanmu. Ina asibitin Bici ina jinyar Baba, shi kuwa ya bi gida-gida ya kira gayya, majiya ƙarfin unguwa suka shiga gonarmu da fartanyoyi, kafin la'asar babu ciyawa ko ɗaya. Wanda aka yi wa gayya ya san ba banza ya ci ba. Ranar da aka kira ta wani, ƙafarsa ce ya kamata ta fara isa gonar.

Gonar tamu ma daga tasu aka yanko ta. Kakana fatauci ya kawo shi daga Barno, ya ga ƙauyen nan na kusa da Bagwai ya yi masa, ya zauna. Mahaifin Baffa ya yankar masa gefen gonarsa, suka dasa layin ciyawar gamba a tsakani ya zama iyaka. A wajenmu gona na manne da gona, babu dajin da za ka sara ka ƙara, don haka kowa ya san iyakarsa kamar yadda ya san ƙofar ɗakinsa. An haifi Baba a nan, an haife ni a nan, ko gaisuwa ban iya da Barbarci ba, amma har yau in za a tsokane mu sai a ce Barebari.

Ni kaɗai ne ɗa namiji a gidanmu. Na gama kwalejin ilimi a Bici, aikin koyarwa ya ƙi samuwa, sai na sayi wata tsohuwar kwamfuta a hannun wani, na koya wa kaina gina shafukan intanet. Shafin farko da na yi na wani ɗan kasuwar Dawanau ne mai sayar da riɗi da zoɓo. Na yi shi mara nauyi, yadda zai buɗe ko a ƙaramar waya, ko sabis ɗin kamar na ƙauyenmu ne, wanda sai ka hau kan katanga kake samu. A ƙauye ba wanda ya san me nake yi. Baffa in ya wuce ya gan ni a zaure sai ya ce, "Ɗan Barebari, ana ta latse-latse? To Allah ya sa a latso mana buhun taki."

A waya na samu 'yan'uwana a sana'a. Akwai wani zaure da masu gina shafuka suke hira a ciki, kuma shekara ɗaya bayan ciwon Baba suka shirya yin taro a birnin Kano. Aikin sa-kai ne zalla. Wani ya aro ɗakin taro a wata makaranta, wani ya yi alkawarin kujeru, wata ta ɗauki nauyin ruwan sha. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke aiki. A faɗi abin da ake bukata, kowa ya ɗauki nasa, ya yi shi lokacin da ya samu sarari, ya dawo ya ce na gama. Ba wanda yake tambayar yaushe ka yi, ko wa ya gan ka kana yi. Ni na ɗauki mayar da shafin taron zuwa Hausa.

Wata mata ce ke tsara jadawalin masu jawabi. Ban taɓa ganinta ba, muryarta kawai na sani, don ta fi son aiko saƙon murya. Ita ta ga shafin mai riɗi ta ce lallai in zo in yi wa mutane bayanin yadda na yi shi. Ta sa ni da hantsi, ranar Asabar. Bayan an fitar da jadawalin, wani mai ɗan kamfani a Abuja ya rubuto mini ni kaɗai. Ya ce yana neman mutum irina, amma shi ba ya ɗaukar wanda bai gani da idonsa ba, in na gama jawabi in neme shi, don a ranar zai juya. Na karanta saƙon nan har na haddace shi. Tun da na gama makaranta ba wanda ya taɓa cewa yana neman mutum irina.

Gidanmu ya ɗauki shiri kamar za a yi suna. An aiko mini da rigar 'yan sa-kai ta hannun wani direba, na je Bici na karɓo, Inna ta wanke ta duk da sabuwa ce, ta goge da dutsen guga na gawayi, ta rataye a ƙusa. Kullum da yamma sai in tsaya a tsakar gida in maimaita jawabin, Baba na kan tabarma, awaki na kallona. Bai gane komai ba, amma gyara bai ƙare masa ba. "Ka cika sauri," yake cewa da harshensa da ya yi nauyi. "Kuma ka fara da gaisuwa. Ba a faɗa wa mutane magana kamar an jefo ka daga sama." Wata rana ya sa Inna ta buɗe akwati ta ɗauko hular Barno ta kakana, ya ce da ita zan je. Aka rataye ta a kan rigar.

Ana cikin haka Baffa ya yi sallama bayan magariba, ya zauna a gefen tabarmar Baba. Suka gaisa, suka taɓa maganar damina, sannan ya ce yana so a taya shi maimai, wato noma na biyu, ranar Asabar ta sama. Ya dube ni yana dariya. "Ɗan Barebari, a ajiye na'urar nan a zo a latsa ƙasa." Na ce Allah ya kai mu. Ita ce kuwa Asabar ɗin taron.

Ya yi sallama ya fita. Ni na fara magana, na ce zan ɗauki ɗan ƙodago ya je a madadina.

"Ɗan ƙodago?" in ji Baba. "Shi ɗan ƙodago ya turo maka bara?"

Inna tana bakin murhu ta ce, "To ka je ka same shi mana, ka gaya masa. Ai mutum ne."

Baba ya girgiza kai. "Mutumin da ya rufa mana asiri ranar da muka rasa mai rufawa? Karo na farko da ya nemi abu a wurinmu, mu ce muna da uzuri? Da wane bakin?"

Ni ma ban ga bakin ba. Na hango kaina durƙushe a gaban Baffa ina ƙoƙarin gaya masa mene ne taron masu gina shafuka, shi kuma yana dariyar nan tasa, na ji ba zan iya ba. Inna ta ce mu dai mun fi ta sani, ta ci gaba da tuƙa tuwonta.

Kwana na yi ina juyi, da asuba dabara ta zo mini, kuma har ga Allah na ɗauka dabara ce mai kyau. Aiki ake so, ba ni ake so ba. In na nome rabona tun kafin ranar, me ya rage? Haka muke yi a zauren waya, kuma ba wanda ya taɓa ƙorafi. Ban gaya wa kowa ba, don ina so sai na gama in je in ce Baffa ga shi, na riga na yi nawa har da ƙari.

Daga sallar asuba sai in saɓa fartanya in wuce, kafin mutane su fito. Na fara daga gefen da ya fi kusa da ni, wato jikin iyakarmu, tunda na riga na gama maimai a tamu gonar. A wani wuri awaki sun cinye gambar, saura 'yan tsiraran tushe, ciyawa ta rufe su. Ina sauri, gari bai gama wayewa ba, na bi na share su tare da ciyawar. Na yi safiya da yawa a haka. Hannuna da ya saba da latse-latse ya faffashe, bayana ya riƙe, amma in na juya na ga kunyoyin gero fes sai in ji sanyi a raina. Har maimaita jawabina nake yi ina noman.

Babban ɗan Baffa ne ya fara gani. Bai zo gidanmu ba, ƙofar masallaci ya kai maganar. Kafin azahar ta isa bakin famfo, a can Inna ta ji ta. Ta dawo ko bokitin ba ta cika ba. Wai Barebari sun ƙoshi, sun fara cin iyaka. Wai an bari tsoho ya kwanta ne, ɗan boko ya fito da nasa salon.

Baba ya ce in kai shi gonar. Tun da ya kwanta bai yi tafiya mai nisa haka ba. Na riƙe shi ta ɓarin da ya mutu, muna tafe muna tsayawa, mutane na gaishe mu suna kau da kai. Da muka isa na kalli wurin, sai a lokacin na ga abin da kowa ya gani. Kunyoyinmu da na Baffa sun miƙe fes, hannu ɗaya ya nome su, babu gamba a tsakani. Duk wanda ya zo zai rantse gona ɗaya ce.

"Kakanka," in ji Baba, "har ya mutu bai taɓa tsallaka gambar nan ba. Zagayawa yake yi." Hawaye na zuba ta idon da ba ya rufuwa sosai, bai iya ɗaga hannu ya share ba. Ban taɓa ganin kukan Baba ba, ko ranar da likita ya ce ƙafar ba za ta dawo ba.

Na ce bari in je yanzu in yi wa Baffa bayani. Ya damƙe hannuna da hannunsa mai lafiya.

"Ba za ka buɗe baki ba. Wanda ya yi ɓarna ya zo da dogon bayani, wuta yake ƙara wa itace. Ranar Asabar kai za ka riga kowa zuwa. Ka dasa gambar nan a gaban jama'a da hannunka, ka yi noma har a tashi. Shi ne maganarmu."

Garin neman gira na rasa ido. Baffa da kullum yake leƙo Baba bayan magariba ya daina shigowa. Muna jin tarinsa ta bayan katanga, yana jin namu.

Kwanakin da suka rage na yi su kamar kazar da aka yanka ba a ƙarasa ba. Na hau katanga na aika wa matar nan mai jadawali saƙo, na roƙe ta ta mayar da ni yamma. Ta amsa da muryarta mai sanyi. "Wallahi Malam na duba, ɗakin aro ne, da la'asar za mu ba su makullinsu. Iyakar abin da zan iya, in kai ka dab da azahar." Na ce to in ɗauki bidiyo in turo. Na ɗauka a bayan gida, na hau katanga, na hau rumbu, na je har bakin titi, bidiyon ya ƙi tafiya. Ranar da ya kusa kaiwa ƙarshe caji ya ƙare, na kusa rotsa wayar da ƙasa. A ƙarshe ta ce in turo rubutun da hotunan kawai, in ban samu zuwa ba wani zai karanta. Na tura ina jin kamar na ba da ɗana riƙo. Mai kamfanin kuwa na rubuta masa na goge ya fi a ƙirga. Me zan ce? In ce na share gambar maƙwabci?

Daga nan na koma roƙon ruwa. Ni ɗan manomi, na zauna ina roƙon Allah ya saukar da ruwa kamar da bakin ƙwarya ranar Asabar da safe, ba don gero ba, don ƙasa ta yi laka a ɗaga gayya. Ranar Juma'a da yamma hadari ya haɗu ta gabas, baƙi ƙirin, iska ta taso. Na ɗauko jakata na saka kwamfuta. Kafin isha'i hadarin ya watse, taurari suka fito. Na zauna a bakin ƙofa na yi kuka, kukan baƙin ciki da haushin kaina.

Ranar Asabar na riga kowa. Na saro gamba daga bayan gonarmu, na jira har mutane suka taru, sannan na durƙusa na dasa ta tushe-tushe a kan tsohon layin. Ba wanda ya yi mini magana. Babban ɗan Baffa ya tsaya a kaina yana duba ko na kauce. Baffa yana can nesa yana raba wa mutane kunyoyi, ko inda nake bai kalla ba. Wani ya rataye ƙaramar lasifika a reshen ɗorawa, tunda mai gangar noman unguwarmu ya tsufa, aka ja layi aka sunkuya.

Na yi noma a ranar kamar zan kashe kaina. A filin gona sabis kan ɗan leƙo, wayata na aljihu tana ta motsi a cinyata, na san hotuna ne ake turawa a zaure. An buɗe taro, an yi addu'a, wane ya hau, wane ya sauka. Rana na hawa ina jin lokacina na matsowa, ina sarar ƙasa ina faɗin jawabin a zuci, tun daga gaisuwar da Baba ya koya mini. Da inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa na san an wuce wurin.

Aka tashi shan fura a gindin ɗorawa. Na koma gefe ni kaɗai. Sai na ji Baffa ya ce, "Kai, zo nan." Bai ce ɗan Barebari ba. Na je na durƙusa.

"Na ga ka dasa. Na ga noman da ka yi. Ɓarawon gona ba ya noma haka. To gaya mini, me ya kai ka?"

Baba ya hana ni magana, amma an tambaye ni. Na gaya masa duka, taron, da jawabin, da mutumin Abuja, da yadda na so in biya rabona kafin ranar. Ina magana ina jiran dariyar, ba ta zo ba. Ya ajiye ludayinsa a cikin ƙwarya.

"Yaushe ne taron?"

"Yau ne, Baffa."

"Yau ɗin nan?"

"Yau."

Sai ya ce, "Tsakanin ƙofarku da tawa akwai kogi ne? Ranar da na shigo na gaya muku, kana zaune, bakinka ciwo yake? Da ka ce Baffa ina da uzuri, ni mahaukaci ne in hana ka? Ai ranar ma sai in ɗaga, gero ba gudu zai yi ba." Muryarsa ta ɗaga har mutane suka juyo. "Shekara nawa muna tare, har yanzu ubanka baƙo yake ɗaukar kansa a garin nan? Ni ban yi muku gayya don in ɗaure ku ba."

Ya ƙwala wa babban ɗansa kira, wanda ya kai maganata ƙofar masallaci, ya ce ya ɗauko babur ya kai ni titi yanzun nan. Na buɗe baki in ce lokaci ya riga ya wuce, ya daka mini tsawa. "Tashi ka tafi!" Na riga na ƙi zuwa ƙofarsa sau ɗaya, ban iya ƙin wannan ba. Ko gida ban biya ba. Riga da hular kakana suna nan a ƙusa, na hau babur da kayan noma, laka har gwiwa.

A motar Bici zuwa Kano na buɗe wayar. Ga hoton farko na bayanina a jikin bango, babba, yadda ban taɓa ganinsa ba, ga wani mutum da ban sani ba tsaye a gabansa riƙe da takarda. A ƙasa mutane sun rubuta cewa aikin ya yi kyau, wani ya tambaya ina mai shi. Mai kamfanin ya aiko saƙo ɗaya, ya ce ya duba bai gan ni ba, ya kama hanya, Allah ya haɗa mu da alheri. A Dawanau manyan motocin hatsi suka tare hanya, muka tsaya har aka kira la'asar. Ina zaune a matse tsakanin wata tsohuwa da buhun wake, ina kallon kasuwar da na yi wa shafi ta taga.

Na sami makarantar da tambaya. Ƙofar ɗakin a buɗe, an cire ƙyallen taron ana naɗewa. 'Yan sa-kai kaɗan ne suka rage, sanye da irin rigar da Inna ta goge, suna ɗaukar kujeru suna kaiwa bakin ƙofa. Na tsaya ina kallonsu. Waɗannan ne mutanen da na yi wata da watanni ina hira da su, ban san fuskar ko ɗaya ba, su ma ba su san tawa ba. Ban san me zan yi da hannuwana ba, sai na shiga na haɗa kujeru na ɗora a ka.

A sawu na biyu wata mata ta tare ni a ƙofa, tana riƙe da makulli. Tana buɗe baki na gane muryar.

"Sannu Malam, Allah ya saka da alheri. Kai ne mai motar kujerun?"

Ta dubi ƙafafuna, lakar gonar Baffa ta bushe a kansu ta tsattsage. Na gyara kujerun a kaina.

"A'a Hajiya," na ce. "Taya ku na zo yi. Ina za a ajiye waɗannan?"